Lallen Akori-kura Kafin Ruwan Fari

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina fata ka isa Gummi lafiya, ka sami kawunka Bello da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Anka sai godiya. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Bayana yana nan yadda ka bar shi, in na zauna ya yi shiru, in na sunkuya ya tuna da ni. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare abin da ka ɗauka da waɗanda ka ɗauka, ya raba ka da sharrin ƙarfe.

Ba labarin gari zan ba ka ba, wannan za ka ji shi a tasha kyauta. Magana ɗaya ce ta sa na nemi takarda. Ranar da za ka tafi da akori-kurar nan da na bar maka, na zauna a kan turmi kusa da tayar baya, na zura hannu ƙarƙashi, tunda bayana ba ya barina in kwanta in shiga. A gefen hagu na shasi, wato dogon ƙarfen da bodi yake zaune a kansa, daidai inda kan sifirin na baya yake ɗaure, na ji baƙin shafen kwalta ya kumbura kamar fatar da ruwan zafi ya taɓa. Na gaya maka. Kai kuwa kana can kana goge madubi, kana duban sabon rubutun da ka sa aka yi maka a ƙofar baya, ka ce mini, "To, Baba." Na san wannan "to" ɗin, ni ma na sha yi wa mahaifina irinta. Ga shi yanzu zafi ya kai inda ya kai, gabas ta fara haɗa gira, kai kuma za ka riƙa loda shinkafa da mutane kana ƙetare gulbi tsakanin Gummi da Bukkuyum. Ina son ka shiga ƙarƙashin motar nan ka duba wurin kafin ruwan fari ya sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka san a gidanmu wannan aiki lalle muke ce masa, amma ban tabbata ka san mafarin sunan ba. Innarka ce ta raɗa. Wata rana ta leƙo zaure ta ga ƙafafuna kawai a waje, sauran jikina yana ƙarƙashin mota, ga gwangwanin kwalta a gefe. Ta ce, "Malam, wai mi kaka yi ƙarƙashin motag ga tun da hantsi? Lalle kaka ƙunsa mata?" Na yi dariya har tsatsa ta faɗa mini a ido, ita ce kuma ta ciro mini da bakin gyalenta. Daga baya da na zauna na yi tunani sai na ga ta fi ni fahimtar aikin. Mace ba ta ƙunsa lalle a ƙafa mai datti, ba ta ƙunsawa a jiƙaƙƙiyar ƙafa, kuma in ta ƙunsa sai ta zauna ta jira ya kama. Da na ɗauki maganarta da gaske tun ranar, da na huta da wahala mai yawa.

Bari in fara da wautata ta farko. Lokacin da na sayi motar nan, ta hannu ce, amma ƙarƙashinta tas, baƙin shafen da ta zo da shi yana nan. Ni a lokacin abin da na sani game da tsatsa bai wuce abin da kowa ya sani ba: ruwa ne yake kawo ta. Saboda haka na yanke wa kaina hukunci cewa ruwa ba zai taɓa ƙarƙashin motata ba in dai ba dole ba. Sama in wanke har ta riƙa ɗaukar ido, ƙasa kuwa in bar jar lakar hanyar Dareta ta manne, ina cewa ai riga ce, tana tsare ƙarfe daga ruwa. Har ina yi wa direbobin da ke shiga gulbi suna watsa wa ƙarƙashin motocinsu ruwa dariya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wata rana da rani tsakiya, ana neman ruwan sha da ƙyar, na ɓamɓaro wani curin laka daga kan shasi don in ɗaure waya. Bayansa busasshe ƙayau, amma cikinsa da sanyi, da danshi, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kuma ya yi ja. Na tsaya ina jujjuya curin nan a hannu kamar wanda aka ba kacici-kacici. Ashe laka tulu ce, ajiye ruwa take yi. Ruwan gulbi yana taɓa ƙarfe ya wuce, rana ta busar, amma wanda laka ta riƙe yana nan tare da ƙarfen har wata damina ta zagayo.

Don haka abu na farko, ka wanke ƙarƙashin motar nan da kyau. Ka sa tsinke ka tono lakar da ta shige lungu, musamman saman shasi inda ido ba ya kai wa, da bayan tayoyi, da inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe. In ka gama ka bar ta a rana ta bushe sarai. Kada ka wanke da safe ka shafa da hantsi don kana ganin saman ƙarfen ya bushe.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ɗaure mini kai, kuma har yau in na tuna sai in yi murmushi. Bayan na koyi wanki, sai na lura tsatsa ba ta cin motar daidai wa daida. Gefen dama lafiya lau. Gaba, inda inji yake zubar da ɗan baƙin mai, ko alama babu. Amma kusurwar hagu ta baya kullum ja, in kankare yau, bayan ɗan lokaci ta dawo. Ruwa ɗaya suke shiga, hanya ɗaya suke bi, rana ɗaya take dukansu. To me hagu ta yi wa tsatsa? Na ce ko don ina ajiye motar gefen hagu yana jikin katanga ne, na juya ta, bai canza ba. Na ce ko ƙarfen wannan gefen ne ba shi da kyau tun asali. Har na fara zargin bakin mutane, na karɓo laya na ɗaure a wurin. Layar ma jar ƙasa ta rufe ta, tsatsa ta ci wayar da na ɗaure ta da ita, ta faɗi a hanya ban san inda ta faɗi ba.

Wanda ya warware mini shi ne Ja'e, Bafillacen nan da nake kai wa kanwa da gishiri rugarsu ta bayan Abare. Kai ma ka san shi, mai kiranka ɗan direba. Ko kuma in ce shanunsa ne suka warware mini. Na kai masa kaya wata rana, muka zauna ƙarƙashin kirya ana dama mana fura, sai na ga wata saniya ta zo ta sa kai ƙarƙashin mota tana lasa. Na tashi na kore ta. Kafin in zauna wata ta zo, ita ma wuri ɗaya ta nufa, kusurwar hagu ta baya. Ta uku har tana ture ta biyu. Na ce, "Ja'e, shanun ga naka yunwa suka ji, ƙarhe suka ci?" Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Garba, nagge ba ta lasab banza. Aradu akwai kanwa wurin ga."

Na tashi na je na tsuguna, na lakato ƙasar wurin da yatsa na sa a harshe. Matan ruga suna kallona suna rufe baki da hannu. Gishiri zau, har da ɗacin kanwa. Na zagaya gefen dama na lakato na ɗanɗana, ƙasa ce kawai. A nan na gane abin da ya fi shekara yana wasa da hankalina. Kullum buhunan kanwa da gishiri a kusurwar hagu nake jera su, don can ne ƙofar baya take saurin buɗewa. In ruwa ya taɓa su, ko awakin da na ɗauko daga kasuwa suka yi fitsari, duk can yake gangarawa, ya bi ta wata 'yar ɓula a daɓen bodi ya ɗiga kan shasi. Takin zamani ma da aka fara kawo mana, shi ma haka yake, har ya fi gishiri mugunta. Na dawo na zauna ina ta dariya ni kaɗai. Ja'e ya ce, "To yanzu sai ka biya nagge ladan duba."

Nasihata a nan ita ce, duk abin da ke narkewa a ruwa, kada ya zauna a kan ƙarfe kai tsaye. Ka shimfiɗa katako ko tsohuwar tabarma, ka riƙa canza kusurwa, in ka sauke kaya ka share ka wanke. In ka ɗauki dabbobi, ranar ka wanke, kada ka bari sai gobe. Sannan in Allah ya kai ka wata ruga, kada ka kori shanu daga jikin mota da sauri. Tsaya ka ga inda suka sa harshe. Ban san wani bakanike da ya kai su gano inda gishiri ya ɓuya ba.

Da na gano maƙiyina sai na yi zuciya, na ce yau zan gama da shi gaba ɗaya, kuma a nan na tafka kuskure na uku. Lokacin ana aikin hanya, masu aikin suna yar da durom da ragowar kwalta a gindinsa. Na samo guda, na hura wuta, na narkar, na shiga ƙarƙashin mota na laɓta mata ita da kauri, kamar mai yaɓen katanga. Ban kankare tsatsar ba, na ce ai in na rufe ta ba ta samun iska, mutuwa za ta yi. Motar ta fito baƙa wuluk tana sheƙi. A tashar Anka direbobi suna sunkuyawa suna leƙe, ni kuwa ina tsaye ina kaɗa makulli. Ashe kitso na yi da ƙwarƙwata. Da zafi ya zo kwaltar ta yi laushi, da sanyi ya zo ta tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Wata rana na sa farce na ja wani gefe, sai ga ta ta taso faffaɗa kamar ɓawon rogo, bayanta duk jan gari, ƙarfen kuma ya yi rami-rami kamar fuskar wanda ya yi agana.

Ga yadda ake yi, ka karanta wannan wurin sau biyu. Ba dukan shasi za ka sake shafawa ba, inda tsohon shafe yake manne da ƙarfi ka bar shi, yana aikinsa. Inda ya kumbura ko ya tsage ko dutse ya ɓalle shi, nan za ka bi. Ka sa wuƙa ko guntun sifirin da aka wasa ka ɓamɓare, ka ci gaba da ɓamɓarewa har ka kai inda ya ƙi tashi. Sau da yawa za ka ga ciwon da ka zaci kwabo ne ya kai faifai. Kada ka ji tsoron faɗinsa, ka bi shi. Sai burushin waya, sai samfefa, har ƙarfen ya nuna farinsa. Ka goge da tsumma da ɗan kananzir, ka bari ya sha iska. Daga nan jan fentin nan da masu walda suke shafa wa ƙofofin ƙarfe, ka shafa shi siriri, ka ba shi lokaci ya bushe har in ka danna yatsa ba ya kamawa. Bayan haka ne baƙi zai hau. Ka sassauta kwaltar da kananzir har ta riƙa bin burushi, amma ka sauke ta daga wuta ka yi nesa da ita kafin ka zuba kananzirin, kuma wutar ta yi nesa da tankin mai. Shafi siriri, ka jira, ka ƙara wani siriri, bakin sabon ya hau kan tsohon kaɗan. Kada ta taɓa salansa, kada ta taɓa bututun birki, kada ka binne kan noti, don wata rana kai ne za ka zo kwance shi kana zagin wanda ya shafa. Kuma don Allah kada ka kwanta ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Ka sa gungume, ka tare tayoyi da dutse, ko ka roƙi ramin gareji.

Saura na huɗu, wanda ba na ba da shi da dariya. In ka duba shasin da kyau za ka ga ba ƙarfe ne cushe ba, kamar akwati yake, cikinsa fanko, kuma a ƙasansa akwai ƙananan ramuka nan da can. Ni da na gan su sai na ce ga ƙofar ɓarawo, ta nan ruwa yake shiga in na ƙetare gulbi. Har ina mamakin waɗanda suka ƙera mota da iliminsu suka bar ta da huji. Na fere ƙananan itatuwa na cusa a kowane rami, na bi da kwalta na shafe, ko alamarsu ba ka gani. Na kwana ina jin na gyara abin da masu ƙera ta suka manta.

Damina biyu suka wuce. Wata ranar kasuwar Bukkuyum na lodo dawa, mutane suka hau kan buhuna kamar yadda aka saba, muka kamo hanya. Muna gangarawa maƙetara, tayar gaba ba ta kai ga ruwa ba, sai na ji ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Bayan motar ya zauna gefe guda, bodi ya kwanta kan taya, buhuna suka zame. Akwai wata tsohuwa mai sayar da man shanu da jikarta a baya, na waiga na ga ta riƙe ƙarfen bodi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da zanen goyon, ƙafafunta suna lilo. Aka sauko da ita, ba wanda ya ji ciwo, ƙwaryar manta kaɗai ta fashe. Ni kuwa na zauna a bakin gaɓa ina duban ruwan da ke gudu a gabana, ya kai ƙugu a ranar. Tsoro na ji, Sani, irin wanda ban taɓa ji ba, don na san da ƙarfen ya ƙara haƙuri kaɗan da a tsakiyar ruwa zai karye. Tsohuwar ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗana, tashi ka gode ma Allah, mai ɗai na yaz zube."

Aka jawo motar zuwa wurin Mainasara mai walda. Ya shiga ƙarƙashi ya sa guduma ya ƙwanƙwasa kusa da karayar, sai ga baƙin ruwa yana tsiyaya daga cikin shasi, mai wari, har ya jiƙa masa riga. Ya fito yana tofar da yawu ya ce, "Wa yat toshe ramun ga?" Na ce, "Ni na." Ya ce, "To, Garba, kai kar ruhe ɗaki da ɓarawo ciki. Ramun ga ba don ruwa shi shiga anka yi su ba, ruwa ko ta ina shiga shikai. Don shi hita anka yi su." Ya nuna mini bakin karayar. Daga waje kwaltata tana nan baƙa lafiyayya, daga ciki ƙarfen ya zama kamar takarda, ina murza shi da yatsa yana zuba. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya kawo ƙarfe mai kauri ya yi faci ciki da waje, ya ƙona shi da kyau. Facin nan shi ya riƙe motar har yau.

Saboda haka ka nemi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ka zura waya ka tabbata a buɗe suke, don laka da zanzaro suna toshe su ko ba ka toshe ba. In ka shafa baƙi kada ya rufe su. Cikin shasin kuwa, inda burushi ba ya shiga, ka sami baƙin man da aka juye daga inji, ka tace shi da tsumma, ka ɗura ta ramukan sama da 'yar roba, ka tuƙa motar ka hau tudu ka gangara don ya zagaya. Zai riƙa ɗiga kwana biyu, matar kawunka za ta yi maka faɗan ƙofar gida, ka ba ta haƙuri ka zuba toka. Sannan duk abin da ka gani a jikin mota ba ka san amfaninsa ba, kada ka cire, kada ka toshe, sai ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ka gane abin da ya hana ni sukuni. Kumburin da hannuna ya taɓa ranar tafiyarka a bakin facin Mainasara yake. Na daɗe da lura cewa inda wutar walda ta taɓa, nan tsatsa take fara dawowa, ban san dalili ba. Na tambayi Mainasara ya ce shi ma haka ya gani, bai san dalili ba. Kowace shekara kafin ruwa ni nake shiga in duba wurin, in kankare in sabunta. Bana ce shekara ta farko da ban shiga ba.

Akwai abubuwa da yawa game da tsatsa da har yau ban gane ba, kuma tunda na daina tuƙi na sami lokacin tunaninsu. Me ya sa wata ja ce mai gari, wata baƙa mai tauri, wata kuma tana tashi falle-falle kamar albasa? Me ya sa 'yan kunnen zinariyar Innarka, da ta gada wurin kakarka, sun sha ruwa sun sha gumi ba su taɓa yin ta ba, alhali ita ma zinariyar daga ƙasar nan tamu ake wanko ta? Na taɓa tambayar Audu maƙeri ko tsatsa abu ne mai rai, tunda tana ci, tana yaɗuwa, kuma tana son gishiri kamar kowa. Ya ajiye zuga-zugi ya ce, "Ƙarhe ɗan ƙasa na. Tama anka narke anka samo shi, ita ko tama ja ta. Gida shika son komawa." Na ce to zinariya fa? Ya ce, "Wannan tambayi masu ita, ni ban taɓa riƙa ta ba." Ban sani ba ko gaskiyarsa ke nan, amma maganar ta zauna mini. In haka ne, aikinmu bai wuce mu riƙa jinkirta wa ƙarfe tafiya ba, shekara bayan shekara. Kai da ka yi makaranta fiye da ni, in ka haɗu da wanda ya san amsar a Gummi, ka tambayo mini. Da gaske nake yi.

Ga abin da za ka yi da wurin. Bayan ka wanke ka ɓamɓare, ka ɗauki ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa gefen dama, inda ka san lafiya yake, ka riƙe ƙarar a kunnenka. Sai ka dawo hagu ka ƙwanƙwasa bakin facin, gaba da baya, sama da ƙasa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da zaƙi, gudumar tana dawowa hannunka. Ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe take, kamar ka bugi jiƙaƙƙen katako. In ka ji haka, ka kafa ƙusa ka buga a hankali. In ƙusar ta tsaya, alhamdu lillahi, ciwon a fata yake, ka yi masa aikin da na gaya maka. In ta shige, ko da tsininta kaɗai, to ka ajiye motar. Kada ka ɗauki buhu ɗaya, kada ka ɗauki mutum ɗaya, ko da kasuwa tana ci, ko da kawunka ya riga ya yi maka alkawarin kaya, ko da 'yan tasha za su ce ɗan Garba matsoraci ne. Ka kawo ta Anka fanko, a hankali, ta hanyar da babu ruwa, Mainasara yana nan. Na san halinka, kana da kunyar a ce ka kasa, ni ka gado. Wannan kunyar ka ajiye ta a gefe.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka yi mini dariya. Abin da ka kankaro daga wurin, kada ka zubar. Ka tara shi a kwalin ashana, ka ɗaure da zare, ka ba duk direban da zai zo Anka ya kawo mini. Ina son in zuba shi a tafin hannu in ga irinsa, ja ne ko baƙi, gari ne ko falle, in murza in ji, don daga nan zan san zurfin da ta yi ko ban gani da ido ba. Wannan dalili ɗaya ke nan, kuma gaskiya ne. Ɗayan dalilin ma ba zan ɓoye maka ba. In kwalin ya zo, na san ka kwanta a ƙasa ka shiga, ba "to" ka sake ce mini ba. Tun da ka tafi, duk motar Gummi da ta tsaya a tasha sai na ga Innarka ta bar abin da take yi ta tsaya bakin zaure, ni ma ina zaune ina yi kamar ban ji tsayuwar motar ba. Mu biyun direba muke jira, kuma ina roƙon Allah abin da zai miƙo mini ya zama kwalin ashana, kada ya zama ya cire hula ya tsuguna yana neman ta inda zai fara magana.

Allah ya kiyaye ka a tudu da gangare, ya ƙetarar da kai kowane ruwa lafiya, ya mai da duk wanda ya hau bayanka ga iyalinsa. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ka gaishe da kawunka da mutanen gidansa.

Ni ne mahaifinka,
Garba, Anka.